Layi Na Tara

Takardar haraji ta iso ranar Talata.
Na shimfiɗa ta a tabarma bayan isha'i,
an ɗauke wuta, na haska da fitilar waya.
Suna, na rubuta.
Wurin aiki, firamare a Tudun Wada.
Albashi, na rubuta ban tsaya kallonsa ba.

Sai layi na tara ya tare ni:
"'Ya'yan da ke ƙarƙashin kulawarki."
Can ƙasa, da baƙi ƙanana kamar kiyashi,
wai wanda ya girma ba ya shiga,
sai in ɗalibi ne, kuma a kawo shaida.

Na ɗaga kai na dubi Nazifi.
Ashirin da shida, gemu ya haɗe da saje,
takalminsa a bakin ƙofa kamar kwalekwale,
ya tasa malmala ta uku a gaba
yana cewa miyar ta so ƙarin daddawa.

Shaida?
A tambayi buhun masarata
da ba ya ganin ashirin ga wata.
A tambayi Lantana uwar adashi,
sau nawa na roƙi kwasar fari saboda rajista.
A tambayi 'yan kunnena na zinari
da suka tafi kasuwa da safe
suka dawo kwamfuta da yamma.

Kashegari na hau Keke zuwa ofis.
Layi ya kai bakin matakala,
fanka tana juyi kamar an tilasta mata.
Malam Tanimu ya gyara tabarau:
"Malama, yana aji ko ba ya aji?"
Na ce malamansu na yajin aiki, wata na biyar,
karatun shekara biyar ya shiga ta bakwai.
"To yanzu me yake yi?"
Yana gyaran waya a Kasuwar Barci,
a gefen rumfar abokinsa.
"Yana samu?"
Yana samun na kati da na aski.
Ya ajiye biro.
"Wanda ke samu ai ya tsaya da ƙafarsa."

Na ce ƙwarai, ya tsaya da ƙafarsa,
amma a kan tabarmata yake tsaye.

Bai yi dariya ba, sai daga baya.
Ya rage murya, ya ce shi ma tasa tana Zariya,
aji uku take tun shekarar da aka yi ambaliya.
"Kawo takardar makaranta mai hatimi.
Abin da za a rage miki bai taka kara ya karya ba."
Na ce na sani.
Ko na gishiri ne ina so,
a rubuta dai a wani wuri cewa ina ɗauke da shi.

Sati biyu Nazifi na sintiri kafin hatimi ya samu.
Ran da ya kawo, ƙafar tabarauna ta karye,
baƙaƙen suka zama hazo.
Ya karɓi takardar, ya zauna kusa da ni,
yana karanto min layi-layi
kamar yadda na karanto masa a aji ɗaya.
Da ya zo na tara ya rubuta sunansa,
ya ja dogon layi a ƙarƙashi, yana murmushi.

A kan taga na ga ledar kemis,
maganin hawan jinina na wata guda.
Ban ba kowa kuɗi ba.
Na dube shi, ya duƙufa kan takarda,
ya juya ta gaba, ya juya ta baya.
"Umma, ba su bar gurbin uwa ba ne?"

Na ce cika abin da aka tambaye ka.
Kuma ka rufe tukunyar nan,
sauran na ɗumamen safe ne.